Katantanwar Ƙarfe da Hawan Keita

Ba zan taɓa mantawa da hawan dutsen nan na hanyar Keita ba, kuma ko na so in manta, mutanen Buza ba za su bar ni ba, tunda sunan da na samo a can har yau shi yara ke kirana da shi in sun ga na ba da baya.

Ni dai mutum ne mai makarantar zaure da 'yar gonar gero. Boko ban yi ba, amma ajami, alhamdulillahi, in na rubuta wasiƙa har liman yakan riƙe ta ya ƙara dubawa. Ina kuma da mota, tsohuwar bashe mai buɗaɗɗen baya, mai shan gazuwal, wato man dizal, wadda na gada daga yayana, Allah ya jiƙansa. Ba ta da kyau, ba ta da sauri, amma tana da haƙuri. Damman hatsi, buhunan albasa, mai naƙuda, gawa, duk ta ɗauka ba ta taɓa cewa uffan ba. Aibinta ɗaya ne: ba ta son hawa. In ta hango tudu sai ta fara tari kamar tsohon da aka tasa sallar asuba da sanyi.

Abin ya samo asali ne daga wata tafiyar ta'aziyya da muka yi bara. Na ɗauko surukaina daga Karofane za mu wani ƙauye wajen Keita, muka zo tsakiyar hawan, motar ta ja numfashi ta tsaya. Kowa ya sauka turi. Har surukina, dattijon da nake tuɓe takalmi tun daga bakin zaurensa, ya naɗe hannun riga ya sa kafaɗa. Ni kuwa ina zaune a gaba riƙe da sitiyari, kamar sarki, zufa na zuba mini har cikin kunne. Bai ce kome ba, Allah ya saka masa. Da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

To da kaka ta yi aka sa ranar ɗaurin auren ƙanen maiɗakina, amaryar kuma 'yar can wajen Keita ce, wato hawan nan dai bai da makawa. Maiɗakina ta aje mini fura ta tsaya, ba ta koma ba. Na san akwai magana.

"Malam, roƙo ɗaya nike yi. Don Allah kada ubana shi sake turin mota."

Na ce, "In Allah ya yarda, bana Baba ba zai taɓa motar nan ba sai wurin zamansa."

Na faɗi in Allah ya yarda ɗin, amma (gaskiya ita ce) da baki na faɗe ta, zuciyata tana can tana lissafin dabara.

Na fara zuwa wurin taubashina, Alhaji Nomau, ɗan kawuna, mai fataucin albasa. Shi yana da kat-kat, motar nan mai ja da ƙafa huɗu, wadda ke haye dutsen nan kamar tana gangara. Na tambaye shi sirrin. Ya buɗe kapo, murfin gaban mota, ya nuna mini wani abu nannaɗaɗɗe a gefen moter, wato inji, kamar katantanwa ta ƙarfe.

"Ka gan shi nan, turbo. Hayaƙin da mota ka hiddawa shi ka juya shi, shi ko shi tura ma moter iska da ƙarhi. Iska da yawa, wuta da yawa."

Na ce, "To ni ma shi zan sa wa tawa."

Nomau ya yi dariya har ya dafa mota. "Kai malam, wagga an haihe ta da shi! Piston nata, kulas nata, radiyata tata, duk tun can inda anka ƙera ta don zahin turbo anka yi su. Taka hwa tsohuwa ta. Ka taɓa ganin an ba tsohuwa huhun doki? In turbo kaka so, saida ta, ka ciko, ka sayi wadda ta zo da abinta. In ko ba ka iyawa, bar ni in ɗauki su Baba, kai ka biyo da tabarmi da buhun goro."

Kun ji inda ya ɓata shawararsa. Da ya tsaya a maganar piston da wataƙila na ji. Amma ni in biyo da tabarmi, taubashina ya shiga gari da surukaina a gaban mota? Ga shi kuma motar yayana ce, sayar da ita ba ya shiga raina. Na ce masa albasa ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya ce tawada ta taɓa tawa, muka rabu.

Ranar kasuwa na gangara Madawa wurin Sha'aibu makanike. Sha'aibu mutumin kirki ne, aibinsa kawai bai san kalmar "ba ta yiwuwa" ba. Ko jirgin sama ka ce ya mayar maka da amalanke, zai ce ka kawo ta da safe. Ina faɗa masa buƙatata idonsa ya kawo haske. Ya shiga bayan garaj ya fito rungume da wata katantanwa da ya ciro daga motar da ta yi hatsari.

Na ce, "Sha'aibu, an ce mini moterina ba a gina shi don wannan ba."

"Wa ya ce?"

"Nomau."

"Alhaji Nomau albasa ya sani! Malam, ƙarhe ƙarhe na. In ya shiga, ya shiga."

Wannan magana ta yi mini daɗi ƙwarai, don ita na zo nema. Aka yi ta yanka ana walda. Inda ƙarfe bai kai ba aka sa tiyo, inda tiyo bai kama ba aka naɗe da robar taya. Da aka gama muka fita gwaji a kan kwalta. Jama'a, na taka mata wuta, tsohuwar nan ta zabura har rawanina ya koma ƙeya! Na yi salati, sa'an nan na yi hamdala. Sai dai na ji wata siririyar ƙara tana fitowa daga ƙarƙashin kapo.

"Wannan fa?"

"Muryar turbo ta, malam. Wasu kuɗi suka biya don a ji ta."

Da na dawo gida farin ciki ya hana ni zama. Na tuna motar Nomau akwai rubutun boko a bayanta mai ƙyalli, wai don duniya ta san tana da turbo. Na ce ni ma ai ina da hannu. Na dama tawada mai kauri, na fere ƙaton alƙalami na kara, na durƙusa a bayan mota na rubuta da manyan baƙaƙe: ta, ra, ba, wau. Turbo. Ban sa wasali ba, don na ga zai rage wa rubutun kwarjini. Na ja da baya na duba, wallahi ko allon zayyana sai haka. (Tawadar malamai, ga wanda bai sani ba, an yi ta ne don a wanke a sha. Ni da na shekara ina wanke allo, ban tuna da wannan ba.)

Ranar aure ta zo. Na yi sammako na nufi Karofane, na sha rawani da babbar riga mai shuni. Hanyar burji ce mai gargada, kuma ashe girgizar nan ta sassauta robar da Sha'aibu ya naɗa. Siririyar ƙarar ta fara girma. In na taka, sai ta hau sama. In na saki, sai ta sauko a hankali. Ban ankara da abin da ta zama ba sai da na shigo gari.

Daf da gidan surukaina akwai 'yar rairayi da sai an ba mota wuta take wucewa. Ga wasu mata a gabana sun sha ado suna tafe a gefen hanya, sun ba ni baya. Na taka, na saki. Motar ta ce:

"Fiiiit... fiyuuu!"

Fito. Fito sosai, irin wanda 'yan samarin tasha ke yi in budurwa ta gifta. Ni da nake korar yaro daga zaurena in ya yi fito, ina ce masa Shaiɗan yake kira!

Matan suka waiwayo gaba ɗaya. Ta tsakiyarsu, mai lulluɓi ruwan toka, surukuwata ce.

Ku da kuka san ƙasarmu ta Adar kun san abin da wannan ke nufi. Matar nan tun da na auri ɗiyarta ba mu taɓa haɗa ido ba. In na zo gaisuwa, daga bayan zana take amsawa. In ta hango ni a hanya, kwana take yi. Yau ga ta ga ni, ido cikin ido, taga a buɗe, leɓena kuma (kaico!) a tsuke, don ina tsakiyar karanta addu'ar shiga gari. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata tsohuwa a cikinsu ta riƙe haɓa ta ce, "La ilaha illallahu! Malam na hwa!"

Na leƙo ina cewa, "Ba ni ba ne, motar ce," ƙafata ta zame ta sake takawa. Motar ta maimaita, wannan karon har da ƙari.

A ƙofar gida na durƙusa na gai da Baba, ina jin kamar ƙasa ta tsage. Shi bai ji labari ba tukuna. Ya zagaya motar da sandarsa, ya tsaya a baya, ya ƙanƙance ido, don shi ma almajirin ajami ne na gaske.

"Ta, ra, ba, wau. Tarbo? Wa za mu tarbo? Ai ɗaurin aure za mu, amarya sai jibi."

"Turbo ne, Baba. Wani ƙarfe ne na ƙara wa mota ƙarfi."

"To. Da ka sa wasali."

Aka fara shiga. Baba a gaba kusa da ni, maza da tabarmi da goro a baya, mata a wani gefe. Inna, surukuwar tawa, ta zo za ta hau, ba ta dube ni ba, sai ta ce wa ɗanta na biyu, Idi, da murya yadda zan ji:

"A gaya ma mai motar, in hito za ta yi, ta yi shi yanzu ta gama, akwai mutane bisa hanya."

Idi ya zagayo wurin tagata yana cizon leɓe, ya ce, "Malam, Inna ta ce..."

Na ce, "Na ji."

Daga nan na ɗauki niyya: ba zan sake taka motar nan da ƙarfi ba. Muka kama hanya a hankali, ina lallaba ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Muka wuce Buza lafiya. Wani mai jaki ya jera da mu har muka gaisa. Baba ya ce, "Wannan shi na ƙarhin da anka ƙara?" Na ce ina tausayin mata ne a baya. A madubi kuwa ina hango kat-kat ɗin Nomau da sauran motocin 'yan ɗaurin aure sun taru a bayana, don hanyar ba ta da faɗin da za a wuce, kuma ba wanda zai sha gaban uban ango.

Sai ga dutsen.

A nan na gane ramin da na haƙa wa kaina. In ban taka ba, mota za ta tsaya, Baba ya yi turi. In na taka, za ta yi fito, ga Inna a baya. Kuma kamar an shirya, gefen hawan cike yake da mata masu zuwa cin kasuwa, da ƙwaryar nono da daurin itace a ka, sun jeru tun daga ƙasa har sama.

Na tuna fuskar maiɗakina da ƙwaryar fura. Na yi bisimilla, na sauya bitas, wato giya, na taka har ƙasa.

Jama'a, motar nan ba ta bar mace ɗaya ba. Ta yi wa mai nono fito, ta yi wa mai itace, ta yi wa mai goyo, ta yi wa wata tsohuwa mai sanda wadda ta tsaya ta yi mana daƙuwa da hannu biyu. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Da rawaninka da geminka!" Baba, wanda rawaninsa ya fi nawa girma kuma shi ke ɓangaren matan, ya zame a kujera ya ja rawanin kan fuska ya ce, "Malam, ni suka nuhi ko kai?" Idona yana kan allurar zafi, wadda na ga tana hawa ita ma, kamar muna tsere. Amma muna tafiya! Mun wuce inda muka tsaya bara. Ga kan dutsen can, jifa ɗaya. Har na fara shirya abin da zan gaya wa Nomau.

Sai na ji "fam!" kamar an fasa tulu. Farin tururi ya taso ya rufe gilashi, wari ya cika mota. Fiton ya yi wani dogon ja mai ban tausayi ya mutu. Motar ta tsaya, sa'an nan ta fara tunanin komawa baya. Na danne birki da ƙafa biyu, Idi ya yi tsalle ya sa dutse.

Wurin matsattse ne, dutse a dama, kwazazzabo a hagu. Motoci duk sun tsaya a baya, ana jiran mu a ɗaura aure kafin azahar. Ba yadda za a yi sai an kai tawa kan tudu. Na ce wa Baba, "Don Allah ka zauna, samari za su yi." Ya dube ni, ya buɗe ƙofa, ya ce, "Ni in zamna nan su ce ni na mai hiton?" Ya sauka yana naɗe hannun riga.

Haka aka tura ni, ina riƙe da sitiyari, gaban 'yan ɗaurin aure da matan kasuwa da suka aje kayansu don kallo. Da muka kai sama na fito na zagaya baya don in yi godiya. Na tarar kowa yana duban Baba, Baba kuwa yana duban tafin hannunsa. Baƙi ƙirin. Ashe daidai kan ba ɗin nan ya dafa, zufa ta wanke ta tas, ba haƙori ba ɗigo. Ya ɗaga kai ya karanta abin da ya rage, a hankali, kamar mai biya wa yaro allo:

"Ta. Ra. Wau. Turo."

Ya jinjina kai. "Ashe malam ya hwaɗa muna gaskiya tun gida. Mu na ba mu iya karatu ba."

Dariyar da aka yi a kan dutsen nan, ina jin har Keita an ji ta. Tun daga ranar sunana ya koma Malam Turo. Nomau ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa yana share hawaye, yana cewa, "Baba, lashe hannun! Rubutun malam na, maganin ƙarhi!" Daga can gefe, cikin mata, na ga wani lulluɓi ruwan toka yana girgiza. Ban sake duban wajen ba.

Nomau ya kwashi su Baba da Inna a motarsa, wadda ta tashi shiru kamar mai ladabi, aka ɗaura aure a kan lokaci. Ni na iso daga baya a kan amalanke, da tabarmi da buhun goro. Abin da na ƙi tun farko ke nan, sai dai an rage mini motar.

Da aka jawo ta Madawa, Sha'aibu ya buɗe ya ce kulas, kan injin, ya ƙone, piston ɗaya ya narke. Ya sosa ƙeya ya ce wataƙila in aka sa turbo mafi girma... Na ce ya yi wa Allah ya mayar mini da tsohuwata yadda take. Ya mayar, bayan ta sha jinya. Katantanwar tana nan a gidana, ita muke ɗaure akuya da ita, kuma a wannan aikin ban taɓa samunta da laifi ba.

Maiɗakina ta yi kwanaki ba ta tada maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Rannan ta dawo daga Karofane, ta aje fura, ta sake tsayawa.

"Inna na gaishe ka."

"Ina amsawa. Tana fushi?"

"Ta ce tun tana budurwa ba wanda ya taɓa yi mata hito, har Baba. Ta ce in an gyara motar, a bar mata muryarta."

Abin da na koya? Duk mai son turbo ya sayi motar da aka haifa da shi, in ba hali ya bar tsohuwarsa da tarinta, ya nemi taubashi mai kat-kat tun ana mutunci. In kuwa dole sai mutum ya yi alfahari, to kada ya rubuta shi da tawada, kuma ya sa wasali. Ni dai yanzu in yaro ya yi fito a zaurena ba na saurin ambaton Shaiɗan. Nakan fara tambaya ko wani abu ne ya sassauta.